Inshorar Dole da Matar da Ba Ta da Adireshi: Nazari Daga Wulari, Maiduguri



Ina neman afuwa tun farko, domin batun nawa ba mai daɗin faɗa ba ne a bainar jama'a. Magana ce kan mata masu zaman kansu da suka baro garuruwansu suka yada zango a unguwanni irin su Wulari, da nauyin da dokar inshora ta ɗora musu. Hukuncin sana'ar a bayyane yake: addini ya haramta, Borno na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'a. Abin da nake tambaya shi ne, ranar da irin wannan mata ta kwanta ciwo, wa zai biya?

A 2022 aka sa hannu kan dokar hukumar NHIA, wadda ta mayar da inshorar lafiya tilas a kan kowane ɗan Najeriya da duk baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida, ba tare da ware wata sana'a ba. Ƙaramin fanshon masu sana'ar kansu da aka fito da shi a 2019 ganin dama ne, mutum ya zuba abin da ya sawwaƙa, ya ciri wani kaso idan buƙata ta taso. Diyyar rauni ta dokar 2010 kuwa mai ɗaukar aiki ke zuba kuɗinta, ita ko ba ta da ubangida. Saura inshorar lafiya ke nan, kuma a nan gizo ke saƙa.

Matan nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda rikici ya raba da gidajensu tun 2009; ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto a 2016 kan yadda ake lalata da mata a sansanonin Maiduguri, sannan daga 2021 gwamnati ta shiga rufe sansanonin. Waɗannan 'yan ƙasa ne, dokar ta hau kansu. Akwai kuma waɗanda suka tsallako iyaka. Chadi da Kamaru ba sa cikin ECOWAS, Nijar ta fice a Janairun 2025. Wadda ba ta da takardar zama, dokar ba ta ma san da ita ba.

Mu tsaya a teburin rajista. Ana neman lambar NIN, adireshi, sana'a, da sunan ɗan uwa na kusa. Ita kuwa ɗakin da take ciki kullum ake biyan kuɗinsa, sunan da aka san ta da shi ba na yanka ba ne, 'yan uwanta a gida sun ɗauka abinci take sayarwa. Ko adireshin ma ba shi da tabbas: a 2023 Gwamna Zulum ya ba da umarnin rushe gidajen karuwai a Bayan Quarters, kuma duk rusau watsa mata yake zuwa wata unguwar. Sai matar ta juya ba tare da yin rajistar ba. Zazzaɓi ya kama ta, ta je kemis a yanko mata ƙwaya huɗu daga kati. Abin ya yi tsanani, magajiya ta bi ɗaki-ɗaki da faranti, ko uwar adashi ta ba ta kwasa kafin lokacinta. Inshorar da ke aiki ke nan a yau, kuma ba ta ɗaukar nauyin tiyata.

Wasu za su ce a dubi wasu ƙasashe. Jamus ta buɗe musu ƙofar inshora a 2002, ta wajabta rajista a 2017, amma da yawa, musamman baƙi, suka ƙi zuwa don gudun a san su. Senegal na ba da katin lafiya tun 1969, can ma masu aiki a ɓoye suna nan birjik. To, inda doka ta sassauta ke nan. A ganina duk rajistar da ta ambaci sunan sana'ar, a Maiduguri ba za ta kai ko'ina ba.

Shawarata ga hukumar inshorar lafiya ta jiha, BOSCHMA, ita ce rajista ta dogara kan zama a unguwa, shaidar bulama, wato mai unguwa, ta wadatar, a cire gurbin sana'a gaba ɗaya. A karɓi zubi kaɗan-kaɗan, kullum ko mako-mako, a wurin masu POS, yadda mai ƙosai da ɗan Keke Napep ma za su amfana. A rubuta ƙarara cewa bayanan ba za su je hannun 'yan sanda ba. Wadda ba ta iya biya a sa ta cikin asusun kula da lafiya matakin farko na dokar 2014, mai samun aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya. Baƙuwa marar takarda kuwa, a ba ta awon ciki da gwajin tarin fuka da na ƙanjamau ba tare da tambaya ba, domin mazan da ke zuwa wurinta gidajen aurensu suke komawa.