Aikin da Aka Ɗaura wa Agogo: Wa Ke da Alhaki Idan Ya Gudana Sau Biyu?



Yawancin abin da manhaja ke yi ba a idon mai amfani da ita take yin sa ba. Saƙon tunatarwa da zai fita bayan awa 24, kuɗin wata da za a cire daga asusu, kwafin bayanai da ake adanawa da tsakar dare, duk ayyuka ne da aka sa wa lokaci aka bar su a bayan fage. Abin da nake son kafawa yau shi ne, babu tsarin jadawalin da zai iya lamunce maka cewa aiki zai gudana sau ɗaya tak a kan lokacinsa, saboda haka nauyin yana wuyan wanda ya rubuta aikin.

Mu fara da cron, tsarin jadawalin ayyuka da yake cikin Unix siga ta 7 da ta fito a 1979, kafin Paul Vixie ya rubuta tasa sigar a 1987, wadda ta bazu a kwamfutocin Linux. Gurabe biyar kawai ake cikewa: minti, awa, ranar wata, wata da ranar mako. Kowane minti sai ya duba ko akwai aikin da lokacinsa ya yi. To idan ƙarfe 2 na dare ta yi alhali an ɗauke wuta, aikin ya wuce ke nan, domin cron ba ya ramuwa, kuma wannan giɓi ne ya sa aka ƙirƙiro anacron. Shi kansa agogon ba abin dogaro ba ne. A Amurka ana tsallake awa guda a watan Maris, a maimaita awa guda a Nuwamba, sai aikin ƙarfe 2:30 ya rasa gurbi, na ƙarfe 1:30 kuma ya samu gurbi biyu, idan tsarin bai yi tanadi ba. Mu a Najeriya da Nijar ba ma juya agogo, amma uwar garken da muke haya tana iya bin lokacin ƙasar da ke juyawa.

Manyan manhajoji sun koma jera ayyuka a layi, inda wani shiri mai aiwatarwa ke ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, irin su Celery a Python da Sidekiq a Ruby. A nan matsalar ta sake kama. Mu ƙaddara mai aiwatarwar ya ɗauko umarnin cire kuɗi, ya cire, sai intanet ta yanke kafin ya ba da rahoton kammalawa. Layin ba shi da hanyar sanin ko an cire ko ba a cire ba. A tsarin SQS na Amazon, saƙon da aka ɗauka ana ɓoye shi na daƙiƙa 30 bisa al'ada, idan ba a goge shi ba sai ya sake fitowa wani ya ɗauka. Sidekiq kuwa yakan sake gwada aikin da ya faɗi har sau 25 cikin kusan kwana 20. Masu Kubernetes, tsarin tafiyar da manhajoji a kan uwar garke da yawa, su ma ba su ɓoye ba, sun rubuta cewa jadawalinsu na iya tayar da aiki biyu a lokaci guda, ko ya ƙi tayar da ko ɗaya. Maganin shi ne a rubuta aikin yadda maimaita shi ba zai canza sakamako ba. A ba kowace cira lambarta ta musamman, a rubuta lambar tare da cirar a zama ɗaya cikin rumbun bayanai, kamar yadda uwar adashi ke duba littafi kafin ta karɓi zubi. Kamfanin biyan kuɗi na Stripe da irin wannan lamba yake gane buƙatar da aka aiko sau biyu.

Wani zai ce ai sai a sa kulle, yadda mai aiwatarwa ɗaya ne zai riƙe aikin. Kulle na taimakawa, amma dole a yanka masa wa'adi, in ba haka ba mai riƙe da shi ya mutu aikin ya maƙale har abada. Da zarar akwai wa'adi kuwa, mai aiwatarwar da ya yi nawa yana iya farfaɗowa bayan an miƙa kullen ga wani, su biyu su yi aiki ɗaya. Injiniyoyin Google, a littafinsu na 2016 kan amincin manyan tsare-tsare, sun bayyana cewa duk da sun gina nasu cron a kan Paxos, tsarin da ke sa kwamfutoci da yawa su daidaita kan matsaya ɗaya, idan shakka ta shiga sun gwammace tsallake aiki da maimaita shi, domin gyaran abin da ba a yi ba ya fi sauƙi. Saƙon da ya riga ya shiga wayar mutum ba a janyo shi.

Wani kuma zai ce wannan wahala ce ga ƙaramar manhaja. Na yarda da rabin maganar. Aikin share tsofaffin fayiloli ko an yi shi sau uku babu asara, layi ɗaya na cron ya wadatar. Amma ba girman manhaja ke raba gardama ba, abin da aikin ke taɓawa ne, kuma ƙaramin shago ma kuɗin mutane yake cirewa. A waya ma ba kullum ake samun lokacin da aka nema ba. Tun Android 6.0 a 2015 wayar da aka ajiye takan jinkirta ayyukan bayan fage don tattalin batir, kuma WorkManager, mai tsara irin waɗannan ayyuka a Android, ba ya karɓar maimaituwar da ta gaza minti 15. Aikin da ya makara ya kamata ya fara duba ko har yanzu ana buƙatarsa, don tunatarwar ganin likita ƙarfe 9 na safe ba ta da amfani idan ta iso bayan azahar.