Kafin A Aza Tubali, A Fitar Da Hanyar Ruwa

Iyayena da 'yan'uwana jama'ar Sabo,

Tun 1916 aka yanka mana wannan unguwa, mun kuwa san Badun gari ne na tudu da gangare. Ambaliyar kogin Ogunpa ta 1980, da wadda ta auku a 2011, sun ci rayuka da dukiya, domin an yi gini a bakin rafi, shara kuma ta toshe magudanai.

Saboda haka duk mai sayen fili wajen Ojoo ko Sasa, ya tabbata an fitar da titi mai faɗi, lambatu ya gangara zuwa rafi, daɓen gida kuma ya ɗara titi tsawo. Kada ya fara gini sai hukumar tsara gari ta sa hannu a taswirarsa.

Allah ya kiyaye mu, amin.