Kififiyar Zamanin Da Da Ƙasusuwanta Suka Zama Dutse



Maganar yau a kan kififiya ce, watau kunkurun ruwa, amma irin wadda ta ƙare daga duniya tun kafin a yi ɗan Adam. Ba a san ta ba sai ta ƙasusuwanta, waɗanda laka ta binne, suka daɗe har suka sandare suka zama dutse.

Masana sun kasa dangin kunkuru gida 2. Akwai masu janye wuya kai tsaye cikin ƙoƙo, kamar kunkurun tudu. Akwai kuma masu lanƙwasa wuya gefe guda su ɓoye kai ƙarƙashin bakin ƙoƙo. Duk wanda ya taɓa kama ƙaramar kififiyar tafkunanmu da damina ya ga yadda take yin haka. Wadda muke magana a kanta ta wannan gida na biyu ce.

An same ta a Gadufawa, cikin hamada, kudu maso gabas da Agadas a ƙasar Nijar. Yau wurin rairayi ne, amma kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce koguna ne, cike da kifaye da manyan kadoji. A 1980 wata masaniya Bafaranshiya, France de Broin, ta duba waɗansu gutsattsarin ƙoƙo masu zane a bayansu, ta raɗa wa dabbar suna Taquetochelys, domin girmama Philippe Taquet wanda ya yi aikin tono a wurin.

A 2013 kuwa Paul Sereno na Amurka da abokiyar aikinsa suka ba da bayanin wata da aka samu kusan cikakkiya a wannan wuri. Ƙoƙonta siriri ne, shimfiɗaɗɗe kamar faifai, wuyanta dogo. Suka ɗauka sabon iri ne, suka kira ta Laganemys. Sa'an nan a 2019 wani masani na ƙasar Sifen, Pérez-García, ya gwada tsofaffin gutsattsarin da wannan, ya nuna dabba ɗaya ce. Ƙa'idar masana kuwa ita ce sunan da ya riga shi ke tsayawa, saboda haka ya mayar da ita Taquetochelys.

Abin mamaki, 'yar'uwarta mafi kusa, Araripemys, a ƙasar Barazil aka tono ta, bayan babban teku. Dabbar kogi ba ta ƙetare teku mai faɗi haka. Wannan yana cikin shaidun da ke nuna cewa a da Afirka da Amurka ta Kudu a haɗe suke, daga baya suka rabu.

To, a ƙasarmu fa? Duwatsun Ƙanƙara da Faskari irin waɗanda suka narke ne a ƙarƙashin ƙasa sa'an nan suka daskare, ƙashi ba ya wanzuwa cikinsu. Amma ƙasar Sakkwato dabam take. Teku ya taɓa rufe ta, ya bar laka hawa hawa a wajajen Wurno da Dange. Tun 1930 Swinton na Ingila ya ba da bayanin ƙasusuwan kadoji da kunkuru na lardin nan. A 1979 Halstead ya raɗa wa wani kunkuru suna Sokotochelys, amma daga baya masana suka ga shaidar da ke hannu ba ta isa ta tabbatar da sunan ba.

Jama'a, ku lura da bambancin nan. Ta Gadufawa an adana gutsattsarinta shekara da shekaru, shi ya sa aka iya komawa a gwada, gaskiya ta fito. Inda shaida ta yi ƙaranci kuwa, suna kawai ya rage.

Mutanenmu da yawa suna zuwa yamma fatauci, ko haƙar rijiya, ko aikin hanya. In ɗayanku ya ci karo da dutse mai siffar ƙashi ko ƙoƙon kunkuru, kada ya fasa shi, kada ya daka don magani, kada kuma ya sayar wa baƙo. Ya lura da wurin da zurfinsa, domin hawan ƙasar da abin ke ciki shi ke faɗin shekarunsa. Sa'an nan ya gaya wa mai unguwa ko dagaci, labari ya kai ga ma'aikatan gidan tarihi, kamar wanda ke tsohuwar kwalejin Katsina.

Allah ya ƙara mana sani mai amfani, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.