Jiran Aikin Ofis: Magana da Matasan Sabo da Iyayensu

  

An ce in yi magana a kan yaranmu da suka gama karatu, suka yi hidimar ƙasa, suka dawo gida suna neman aikin ofis shekara biyu, uku, wani ma biyar, har zuciya ta fara karaya. Ni ɗan kasuwa ne, karatuna na allo ne da Islamiyya, ban taɓa rubuta takardar neman aiki ba. Amma jira dai na san shi, don duk wanda ya taɓa kasa kaya ya zauna ya san jira. Da wannan zan yi muku magana.

Farko dai ina so ku sauke wani kaya daga kanku. Yawancinku kuna ɗauka laifin naku ne, ko an yi muku baki, ko satifiket ɗinku ne bai yi kyau ba. To ku saurara. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na waɗanda suka isa aiki kuma suke son yi a Nijeriya ba su da shi, wato mutum ɗaya cikin uku. A 2023 suka sake ma'auni, suka ce duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako to ma'aikaci ne, sai lissafin ya faɗo zuwa 4.1. Mu 'yan kasuwa mun san in aka sake mudu, hatsin da ke buhu ba ya ƙaruwa. Kuma akwai masu tuna ranar 15 ga Maris, 2014, da aka kira jarrabawar ɗaukar ma'aikatan shige da fice. Kowa ya biya naira 1,000, dubban ɗaruruwa suka fito neman gurbin da bai kai 5,000 ba, aka yi turereniya a filin wasa na Abuja da wasu garuruwa, mutum fiye da goma suka rasu. Waɗannan ba ragwaye ba ne. Ƙofar ce ƙarama, mutane kuma sun yi yawa.

Sa'an nan ga maganar shekaru. Malaman jami'a suka yi yajin aiki kusan wata tara a 2020, suka ƙara wata takwas a 2022. Yaro ya fito ya tarar banki ko kamfani sun rubuta ba su son wanda ya wuce shekara 26 ko 27. Shekarun da aka ci masa a makaranta, shi ake tambaya ina suka tafi.

Mu kuma na Sabo muna da tamu ta musamman, kuma gara a faɗe ta a fili. An kafa unguwar nan a 1916, yau fiye da shekara ɗari. Akwai a cikinku wanda kakansa nan aka yanke masa cibiya. Amma in aka buɗe aikin gwamnati, takardar farko da ake tambaya ita ce ta shaidar asalin ƙaramar hukuma. Ka je nan, a ce ai kai Bahaushe ne, ka nemi ta garinku. Ka hau mota ka tafi Kano ko Katsina ko Sakkwato, mai unguwa ya dube ka ya ce bai san gidanku ba, wani ma ya ji harshenka ya ce kai Bayarabe ne. Hukumar raba daidai ta tarayya da aka kafa a 1996 tana raba guraben aiki ne jiha jiha, kuma da wannan takarda ake gane jihar mutum. Kun ga yaron Sabo ya zama jemage ke nan, tsuntsaye ba su karɓe shi ba, dabbobi ba su karɓe shi ba. Wannan ba aikin yaro ba ne shi kaɗai, aikin shugabanninmu ne da ƙungiya, kuma zan komo kansa.

To, tun da mun san ƙofa ƙarama ce kuma jira zai yi tsawo, abin tambaya shi ne yaya ake jiran. Nan ne nake da abin faɗa.

Iyayenmu da suka riƙe cinikin goro a garin nan sun san abu guda. Huhun goro ba a ɗaure shi a jefa ɗaki a ce sai ranar da kasuwa ta yi kyau. Ana kwance shi lokaci lokaci, a zube, a tsince mai sankara, a sake ganye, a mai da shi. Wanda ya yi haka, goronsa ya kai wata shekara ya zama daushe, kuɗinsa ya fi na sabo. Wanda ya yi kasala, ranar da mai saye ya zo sai ya buɗe ya tarar da gari. Abin da nake gani a unguwar nan ke nan yana ba ni tsoro. Yaro ya dawo da digiri, wata shida na farko yana guga, yana fita, yana cike takardu. Bayan shekara sai ya fara barci har hantsi. Bayan biyu ya daina zuwa ɗaurin aure don kada a tambaye shi. Bayan uku in ka gaishe shi sai ya ɗauka ba'a kake yi. Ranar da aka kira shi intabiyu, ilmin ya dushe, baki ya yi nauyi, ko kallon mutum ido da ido ba ya iyawa. Rashin aikin bai kai wannan ɓarna ba.

Don haka, 'ya'yana, ku ba neman aiki lokacinsa kamar yadda muke ba kasuwa. Ka tashi da asuba, ka ware awa biyu ko uku, ka duba abin da aka tallata a jarida da intanet, ka aika, ka rubuta a littafi wa ka aika wa da ranar da ka aika. In lokacin ya cika ka rufe littafin. Kada ka wuni da waya a hannu kana jiran saƙo, wannan shi ke cinye zuciya. Sauran yinin ka sa shi a wani abu da mutane za su gan ka a kai.

Na san abin da wasu ke faɗa a ransu: Alhaji zai ce mu koma kasuwa ke nan, bayan mun sha wahalar boko. A'a. Ban ce kowa ya ajiye burinsa ba. Muna son namu a sakatariyar Agodi, muna son su a banki da kotu da asibiti, don ranar da wata rigima ta tashi, irin ta kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, mun ga amfanin a ce akwai naka da ya san ƙofar ofis. Abin da nake cewa, aikin ofis ɗin nan akwai shi a tsakaninmu, tebur ne kawai babu. Masu canji nawa ne a bakin titin nan da ke buƙatar mai riƙe musu lissafi? 'Yan kasuwarmu nawa ne a Bodija da Akinyele ke loda tirela, ba su da mai rubuta musu takardar kaya, ko mai bin maganar haraji, ko mai yi musu rajistar kamfani? Makarantun Islamiyyarmu nawa ke neman mai koyar da lissafi da Turanci? Wanda ya riƙe littafin wani Alhaji shekara biyu kobo bai ɓace ba, in aka tambaye shi a intabiyu me ya yi tun da ya gama hidimar ƙasa, yana da amsa, kuma yana da mai tsaya masa. Annabi Musa, alaihis salam, ya tashi a gidan sarauta, amma ya yi shekaru yana kiwo a Madyana, kuma abin da aka yabe shi da shi aka ɗauke shi aikin shi ne ƙarfi da amana.

Kuma kuna da jarin da ba ku lissafa shi. Yaron Sabo yana jin Hausa, yana jin Yarabanci kamar ɗan Oje, yana jin Turanci, wani har da Larabci. Kamfanonin da ke Oluyole suna sayar da kaya Arewa. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke hanyar Moniya tun 1967 tana da reshe a Kano. Amma sai in ga takardar yaro, ya jera makarantun da ya yi tun daga firamare, bai ko ambaci harsunan nan ba, wai yana ganin ba komai ba ne. Ku rubuta su a sama.

Yanzu bari in komo kan maganar mai tsaya wa mutum, don nan ne mu manya muke da bashi. Wani Bature masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar nan a 1962 da 1963, ya rubuta littafi a kanmu da ya fito a 1969. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne yadda baƙo zai kawo shanu daga Arewa, ya sauka gidan maigida, dillali ya haɗa shi da mahauci Bayarabe, a ba da shanun bashi ba tare da takarda ba, kuma kuɗi su fito. Me ya riƙe wannan ciniki? Maigida ne ya ce na lamunce. Sunansa shi ne jingina. Da wannan aka gina gidajen da muke zaune ciki. To yau ɗanmu shi ne baƙon da ya zo da hajarsa, satifiket a hannu, yana yawo kasuwar da bai san kowa ba, mu kuma masu gida mun naɗe hannu. Alhazai, kowannenku yana da manajan bankin da ke tashi tsaye in ya shigo. Kuna da lauya, kuna da kamfanin da kuke sara a wurinsa shekara ashirin. Ko sau ɗaya kun taɓa cewa, ina da yaro mai digiri a lissafin kuɗi, na lamunce shi, ku gwada shi? Ba cin hanci nake nufi ba. Shaida ce a kan wanda ka sani, kuma halal ce.

Cin hancin ma bari in taɓo shi. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti don bincikar sayar da guraben aiki a ma'aikatun tarayya, abin ya kai haka. Kuma a bayan masu sayar da na gaske akwai masu sayar da iska. Na san wata baiwar Allah a unguwar nan da ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya ta ba wani mutum, aka kawo wa ɗanta takardar kama aiki har da hatimi. Yaro ya yi ɗinki, ya yi sallama da abokai, ya je ya tarar babu wanda ya san da zancen. Wata uku bai fito ƙofar gida ba. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi a ba ka aiki, ka zo ka gaya wa dattawa kafin ka taɓa aljihu. Mu mun fi ku sanin fuskar ɗan damfara, sana'armu ta koya mana.

Iyaye mata, da ku iyaye maza, ga taku. Kalmar nan “har yanzu?” ku rage ta. Yaro ya shigo da yamma ƙafa duk ƙura, kafin ya sha ruwa an ce har yanzu? Ɗan wane ya samu, ɗan wane ya sayi mota. Wallahi ya sani, ya fi ku sani. Ku sa shi cikin shawarar gida, ku aike shi inda ake aiken babba, kada ya ji ya zama kaya. 'Yan matanmu da suka yi karatu kuwa nasu ya ninka, don su ana haɗa musu da gorin aure, a ce ga abin da boko ya jawo. Yarinyar da ta yi difloma a Poli ko digiri a Jami'ar Ibadan ba ta yi asara ba, ko da a ɗakinta ta buɗe ajin koyar da yara.

Kuma ku sa ido. In yaro ya daina cin abinci, ba ya barci, ya daina wanka, ya ƙaurace wa mutane, ko ya fara cewa gara ma ya mutu, wannan ya wuce a ce masa yi haƙuri kawai. A yi addu'a, a kuma kai shi asibiti. UCH na nan kusa da mu, akwai likitocin wannan ciwo, kuma ba hauka ba ne, kada kunya ta hana. Haka wanda kuka ga ya fara raɓar masu shan ƙwaya. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma kowa ya san ba a rasa shi a lungu. Mai cewa yana sha ne don ya manta damuwa, damuwar na nan tana jiransa da safe, ga kuma sabuwa.

Ku kuma matasa, ku riƙa haɗuwa. Mutum biyar ko shida, sau ɗaya a mako, wannan ya duba takardar wancan, ɗaya ya zama mai tambaya ɗaya mai amsawa kamar a intabiyu, wanda ya iya kwamfuta ya koya wa saura. In an ƙi ɗaukarka, ka faɗa a cikinsu a yi dariya a wuce. Ni a rana mutum ashirin ke taya kayana su tafi, na ashirin da ɗaya ya saya, kuma ban taɓa bin wanda ya tafi da zagi ba, don gobe ma zai biyo ta nan.

Abin da nake roƙon shugabannin ƙungiya abu biyu ne. A buɗe littafi a ofis, duk mai digiri ko difloma ko NCE ya zo ya rubuta sunansa, da abin da ya karanta, da shekarar da ya gama, da harsunan da yake ji, a riƙa karanta wa alhazai a duk zaman wata. Na biyu, a naɗa dattawa uku su tafi da maganar takardar asali gaban Sarkin Hausawa, a san wa za a tunkara a ƙaramar hukumar Ibadan ta Arewa, a kuma san wa zai raka yaro in tafiya gida ta kama. Ni na ɗauki kuɗin littafin da na motar yaro biyu na farko. Sakatare, sai ka rubuta kada in manta.

Allah ya buɗa wa kowa. Wassalamu alaikum.