Jawabi Kan Ƙwayar Barci Ta Melatonin, A Taron Ƙungiya A Sabo

 

Maganar da muka zo da ita yau kan wata ƙwaya ce da ta shigo kemis-kemis ɗinmu, ana ce mata melatonin. Masu sayarwa na cewa ai ba magani ba ce, sinadari ne da jiki ke yi da kansa. To, wannan gaskiya ne: wani ɗan wuri a cikin ƙwaƙwalwa ke fitar da shi in duhu ya yi, don jiki ya san lokacin kwanciya ya zo. Amma fa na kwalba daban ne. A Ingila sai da takardar likita ake ba da ita. A Amurka kuwa a kanti ake ɗauka kamar alewa, kuma da aka auna iri 25 na mai kama da alawar yara a 2023, an tarar 22 abin da ke ciki bai yi daidai da rubutun jikin kwalba ba. Wata ma ta ninka fiye da sau uku.

Inda abin ya fi damunmu shi ne haɗi. Mu mutanen hanya ne. Direba ya ɗauko goro daga Shagamu, ya kwana yana tauna goro da shan shayi don kada ya yi gyangyaɗi, ya tsaya ya haɗiyi ƙwaya don barci ya zo, bayan awa biyu ya tashi mota. Jama'a, wannan ai sayar da rai ne, nasa da na yaran mota. Wanda ya sha melatonin ba ya tuƙi sai bayan awa 5 aƙalla. In kuwa ya haɗa da Valium, ko tiramol, ko ruwan kodin da gwamnati ta hana tun 2018, nauyin barcin ninkuwa yake yi.

Sai dattawanmu. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, in ya ƙara da melatonin jini na iya zuba ya ƙi tsayawa. Mai hawan jini da ke kan nifedipine, jinin na iya ƙara hawa. Mai ciwon suga da mai farfaɗiya su ma sai sun tambayi likita, haka mai juna biyu da mai shayarwa. Kuma don Allah iyaye mata, kada a ba yaro don ya yi shiru a samu yin aiki. A ɗaga kwalbar inda hannunsa ba ya kai.

Duk mai zuwa asibiti ya kwashi magungunansa kaf a leda, har na gargajiya, ya zube wa likita a tebur. A kuma duba lambar NAFDAC kafin a biya kuɗi.