Ba Kowane Jini ne Basir ba

Jama'ar Kaugama, mu saurara. In mun ga jini a bayan gida, mukan ce basir ne, ko atuni. Sau da yawa haka ne, amma ba kullum ba.

Ƙaramin hanjinmu ya kai ƙafa 20. Jefi-jefi ƙari yakan fito a cikinsa. Ba kowane irin wannan ƙari ne ciwon daji ba, amma yana iya tsiyayar da jini a ɓoye. Sai bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, cikin ido ya yi fari, mutum ya kasa noma.

Kada mu tsaya ga jiƙo. Mu tafi asibitin Haɗeja. In ta kama, a aika mu Kano. Likita yana iya cire ƙarin, jini ya tsaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.