Tsawon Dare da Furen Shuka: Dawa da Wake a Ƙasar Gwarzo da Kabo



Abin da zan yi magana a kansa da yammacin nan tambaya ce wadda kowane manomi ya san amsarta a aikace, ko da bai taɓa tsayawa ya bi diddiginta ba. Tambayar ita ce, ta yaya shuka ke sanin lokaci ya yi da za ta bar yin ganye da kara, ta juya ga yin fure da 'ya'ya? Zan ɗauko misalaina daga ƙasar Gwarzo da Kabo, watau yammacin Jihar Kano, domin a can har yanzu ana haɗa dawa da gero da wake a gona ɗaya kamar yadda aka gada.

A ɗauki manoma biyu masu maƙwabtaka, a ce a Getso ko a Garo. Ɗaya ya yi shuka da ruwan farko a ƙarshen watan Mayu. Ɗayan kuwa shukarsa ta ƙone, sai da ya sake a ƙarshen Yuni. Irinsu ɗaya ne, farafara ko kaura ta gida, tsakanin shukarsu kuma wata guda cur. To, amma in damina ta zo ƙarewa, sai a ga dawar nan biyu ta fid da kai kusan tare, ratar ba ta wuce 'yan kwanaki ba. Ta farkon za ta fi tsawo da kaurin kara da yawan gaɓa, ta biyun ta tsaya gajera, amma lokacin bununi bai bi ranar shuka ba. Gero ba haka yake ba. Shi kwana yake ƙirgawa: wanda ya riga shukawa shi zai riga yanka. Maiwa kuwa, ko da yake 'yar'uwarsa ce, halin dawa ta ɗauko.

Ashe ke nan akwai abin da dawa ke saurare wanda ba shekarunta ba ne, ba kuwa ruwan sama ba ne, tun da ruwa ba ya faɗa wa kowa ranar da zai ɗauke.

Yadda Aka Gano

Abin mamaki, cikin tsire-tsiren da aka fara gane wannan al'amari a jikinsu har da wadda dokar ƙasarmu ta haramta, watau wiwi. A Turai an daɗe ana noma wani jinsi nata domin a sami zaren igiya da na filafilan jiragen ruwa, kamar dai yadda mu muke noma rama. A 1912 wani matashin masani Bafaranshe, Julien Tournois, ya lura cewa in aka rufe ta aka rage mata hasken yini, sai ta yi fure tun tana ƙarama. Bai yi tsawon rai ya ƙarasa aikin ba, ya rasu a Yaƙin Duniya na Farko.

Waɗanda suka fito da maganar fili su ne Garner da Allard na Ma'aikatar Gona ta Amurka, a 1920. Taba ce ta dame su, wata iri mai suna Maryland Mammoth, wadda takan yi ta tsawo tana zuba ganye har sanyi ya kashe ta ba ta yi fure ba, saboda haka ba a samun irinta. Suka gwada taki, suka gwada ruwa, suka gwada zafi, ba su ga komai ba. Daga bisani suka riƙa shigar da tukwanen tabar cikin wani ɗaki mai duhu tun rana ba ta faɗi ba, su fito da su da safe. Nan da nan ta yi fure. Suka kuma ga wani irin waken soya da aka shuka a lokatai dabam-dabam ya yi fure tare a watan Satumba, daidai da abin da na faɗa game da dawar Getso.

Su sun zaci gajartar yini ce ke aikin. Sai a 1938 Hamner da Bonner suka nuna cewa dare ne shuka ke aunawa. In ka katse mata yini da ɗan duhu ba abin da zai faru, amma in ka katse mata dare da ɗan haske, ko na minti kaɗan ne, sai lissafinta ya rushe, ta ci gaba da ganye. Kafin wannan, a 1936, Chailakhyan na Tarayyar Sobiyat ya nuna cewa ganye ne ke jin tsawon daren, sa'an nan ya aika da saƙo zuwa kan tsiron, inda za a fara ƙera furen. A 1959 masu bincike a Beltsville ta Amurka suka gano sinadarin da ke cikin ganye mai gane haske da duhu, suka sa masa suna fitokurom. Shi kuwa saƙon kansa, shekara saba'in aka yi ana nemansa, sai a 2007 aka tabbatar wani ɗan ƙaramin furotin ne da ke bin jijiyoyin shuka daga ganye zuwa sama.

Wannan ilimi ya zama jari a ƙasashen Turawa. Masu noman furannin ado a Holan da fitila da baƙin labule suke sa furen ya buɗe a makon da kasuwa ke bukata. A Kanada, inda aka halatta wiwi a 2018, ana nomanta cikin ɗakuna a rufe, ba rana ba damina, mai gonar kuma shi ke yanke ranar da za ta bar ganye ta koma fure, ta hanyar tsawaita mata dare. A nan Nijeriya nomanta babban laifi ne tun dokar soja ta 1966, tun 1989 kuma akwai hukumar NDLEA da ke farautar masu yi, saboda haka ba domin ita na kawo zancen ba. Na kawo shi ne domin a ga bambanci. Mai ɗaki a rufe dare a hannunsa yake, ya kunna ya kashe. Manomin Kabo ba shi da iko a kan dare. Abu ɗaya tak ke hannunsa, shi ne irin da zai zuba a rami, domin kowane iri da tsawon daren da yake jira.

Daren Gwarzo

Wani zai ce, ai mu nan dare da rana kusan daidai suke duk shekara. Kusan ne, ba daidai ba. Gwarzo da Kabo suna wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Yini mafi tsawo, wajen 21 ga Yuni, yakan kai kimanin awa 12 da minti 50; mafi gajarta, a Disamba, kimanin awa 11 da minti 25. Wanda ya yi azumi da bazara ya kuma yi da hunturu ya san wannan a cikinsa. Daga ƙarshen Yuni dare ke fara ƙaruwa, ƙarin kuwa bai kai minti ɗaya a kullum ba ko a watan Satumba da ya fi sauri. Wannan ɗan ƙarin da ba mai lura da shi sai ladan, shi dawarmu ke aunawa.

Ya kamata kuma a sani, ranar da aka ga dawa ta yi ciki ba ita ce ranar da ta juya ba. Ta juya tun makonni kafin nan, a tsakiyar marka. Wanda ya tsaga karan a lokacin da wuƙa mai kaifi zai ga 'yar mitsitsiyar zangarniya a ɓoye can ciki. Daga ranar ba sauran sabon ganye da za a ƙirƙira, sai dai waɗanda ke naɗe su warware. Saboda haka takin da aka zuba bayan kai ya fito ya makara ga yawan ƙwaya, don an riga an ƙayyade yawanta a ɓoye.

A Samaru, inda aka kafa tashar binciken aikin gona tun 1922, wadda ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wani masani mai suna Curtis ya tattara ire-iren dawar gargajiya daga sassan Arewa ya gwada su. Abin da ya buga a 1968 shi ne, kowace dawa tana fid da kai ne daidai lokacin da ruwa ya saba ɗaukewa a ƙasar da ta fito. Ta wajen Katsina da Daura ta riga ta Kano, ta Kano ta riga ta Zariya, ta Zariya ta riga ta kudu da ita. Ba wani malami da ya tsara wannan. Manoma ne, kaka da kakanni, kowace kaka suna ware zangarniyar da ta fi cika su rataye domin iri, har kowane yanki ya sami dawar da ta dace da damunarsa.

Hikimar da ke ciki ita ce, farkon damina a ƙasarmu ba shi da alkawari, yana iya zuwa a Mayu, yana iya kaiwa ƙarshen Yuni, amma ƙarshenta ya fi tsayawa wuri ɗaya, daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba. Dawar da ke bin dare ba ruwanta da yaushe aka fara. Tana bununi da ruwan ƙarshe, ta cika ƙwaya da laimar da ta rage a ƙasa, ta nuna a busasshiyar iska, fes, ba fumfuna. Da yake kuma dawar gari duk tare take nuna, ɓarnar tsuntsu takan rarrabu a kan kowa, haka kuma ɗan ƙaramin ƙudan nan da ke yin ƙwai cikin furen dawa ba ya samun zarafin hayayyafa daga wannan gona zuwa waccan.

Wake ma haka. Kanannado da ake sawa a tsakanin kunyoyin gero yakan yi ta yaɗo yana tara ganye har a yanke geron, rana ta same shi, dare kuma ya yi tsawo, sa'an nan ya yi fure. Manomi ya sami wake, dabba ta sami harawa. Amma a kai Kanannadon nan bakin madatsar ruwa, irin ta Challawa da ke Ƙaraye, a shuka shi da rani lokacin da dare ya riga ya yi tsawo, sai ya tsugune, ya yi fure yana ɗan ƙanƙane, ba yaɗo ba harawa. Masu binciken wake na IITA a Kano sun tabbatar da wannan. Ba iri ne ya lalace ba, lokacinsa ne ba a ba shi ba. Rama kuwa, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan wiwi a harshen Latin saboda kamannin ganye kawai, mai son zare ba ya ƙaunar ta yi saurin fure, don da ta yi fure tsawo ya tsaya. Shi ya sa ake shuka ta da wuri.

Gyara ko Ɓarna?

Masu kyautata iri na ƙarnin da ya wuce sun ɗauki wannan hali na bin dare a matsayin aibi. Suna da dalilinsu. Shinkafar IR8 da aka fitar a Filifin a 1966 ba ta kula da tsawon dare, ana shuka ta ko yaushe, ta kuwa ciyar da miliyoyin mutane a Asiya. A Amurka tun 1963 aka fara wani shiri na ɗaukar dogayen dawoyin Afirka ana mai da su gajeru marasa jiran dare, domin injin ya iya yanka. Da farin 1973 ya zo, na 1983 da 1984 suka biyo baya, ruwa ya ɗauke da wuri, doguwar dawa ta bushe da ciki a gonaki da yawa, sai kowa ya ce mafita ita ce iri mai saurin nuna. Ban musa ba. A shekarar da damina ta gajarta, ɗan gajeren iri shi ke fid da mai gida kunya, waken kwana sittin kuma ya buɗe wa mutane noman rani da ba su da shi a da.

Inda nake da ja shi ne a ce wannan ya maye gurbin wancan. Dawa mai ƙirga kwana ɗari, in aka shuka ta da ruwan ƙarshen Mayu, za ta nuna a farkon Satumba ruwa na zuba. Ƙwayar ta yi baƙi, ta yi fumfuna, tsuntsayen gari duka su taru a kanta don ita kaɗai ta nuna. In kuwa aka ce manomi ya dakata sai Yuli, an sa shi ya zubar da ruwan wata guda, ga ciyawa ta riga shi. Sa'an nan gajeren kara ba ya danni, ba ya rufin ɗaki, ba ya isar shanu har bazara. Wanda ya auna dawa da buhun ƙwaya kaɗai bai auna abin da mutumin Gwarzo ke nema a gonarsa ba.

Akwai kuma wani haɗari da ya fi wannan kusa. In shekara ta yi tsanani aka cinye iri, da ruwa ya sauka sai a nufi kasuwa a auno dawa a shuka. Dawar da ke kasuwa, balle babbar kasuwa irin Dawanau, daga ko'ina take zuwa. In aka yi rashin sa'a ta kudancin Kaduna ce ko ta Jihar Neja, za ta tsiro lafiya, ta yi kore shar, ta fi ta kowa tsawo, mai gona yana murna. Amma ba za ta fid da kai ba sai can cikin Oktoba, lokacin ƙasar Kabo ta bushe. Sai a tashi da kara ba hatsi, a ce sammu ne ko taki ne marar kyau. Ido ba ya rarrabe wannan a cikin mudu.

Saboda haka ina da roƙo ga wannan Jami'a da hukumar KNARDA. Na farko, a bi ƙauyukan Gwarzo da Kabo a tattara ire-iren dawa da maiwa da wake na gida, kowanne da sunan da masu shi ke kiransa da garin da aka samo shi, a shuka su a jere a rubuta ranar da kowanne ya fid da kai, shekara da shekara. Aiki ne da ɗalibai za su iya, ba ya bukatar na'ura mai tsada, littafi ne da alƙalami da haƙuri. Na biyu, duk irin da za a raba wa manoma a rubuta a jikin buhunsa da Hausa ko mai ƙirga kwana ne ko mai jiran dare ne, in mai jiran dare ne kuma a faɗi yankin da aka yi shi dominsa. Na uku, masu kyautata iri su bar wa dawarmu wannan hali nata, su yi gyaransu a wajen ƙuduji da tsawon kara da cikar zangarniya, kamar yadda abokan aikinsu a ƙasar Mali suka riga suka fara.

Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.